Shekara Biyun da Baba Ya Yi a Madain Fahd

Nura, Hanan, wannan naku ne. Makon jiya muna waya da Umma na jiyo muryar Nura daga bayanta yana cewa ai Baba zaman Jidda ya fi so, shi ya sa ya tura ku gida ya yi zamansa har shekara biyu. Umma ta ce masa ya rufe baki, ta kawo zancen tsadar tumatir. Na san Baba ba zai taɓa zaunar da ku ya gaya muku yadda aka yi ba, Umma ma haka, Gwaggo kuwa ko an matsa mata sai ta ce ta manta. Ni ma kun san baki ba ya yi mini aiki. Amma ina iya rubutu, kuma ina wurin aka yi komai, don haka ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa kowa hukunci.

Ni ce 'yar fari, wannan kun sani. Abin da ba ku gani da idonku ba shi ne yadda aka ba da ni. Ranar da aka yaye ni Baba ya sa aka goya ni aka kai wa yayarsa, Gwaggo Hajara, a ɗakinta na saman bene a unguwar Ammariyya, nan Jidda, domin mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Ba aro aka ba ta ba, kyauta ce, irin wadda ake yi a gidanmu tun kafin kakanmu ya zo aikin hajji ya ƙi komawa. A can na yi wayo, a kan tabarmarta na koyi alif da ba, Hausar da nake rubuta muku yanzu ma tata ce, ta tsofaffi. Gidanmu na unguwar Karantina, inda aka haife mu duka, a wurina gidan ziyarar Juma'a ne. Mu zo bayan masallaci, in gaishe da Umma ta amsa tana juya tukunya, in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe da Baba ya amsa yana kallon kofin shayinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ga kunyar 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyarsa na ci. Idan dole ta sa ya yi maganata sai ya ce 'yar gidan Yaya. Ban taɓa ɗaukar haka a ƙiyayya ba. Da yake ba na iya kallon fuskarsa, hannuwansa na sani: farcen babban yatsansa na hagu baƙi ne, injin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya taɓa danne shi, kuma ko ya wanke da sabulu sau nawa akwai wani layin baƙin mai da ba ya barin tafinsa.

Ina da shekara goma sha shida aka zo da jan fenti aka rubuta izala a bangon gidanmu, wato za a rushe. Nura, kai za ka iya tuna motocin kwasar kaya. Hanan tana goye a lokacin. Aka koma wani ɗaki biyu na haya na wucin gadi, bayan 'yan makonni sai wata Juma'a Baba ya ajiye cokali ya ce ya yanke shawara. Ya gaji da yawo da iyali daga wannan haya zuwa waccan, akwai fili da 'yan'uwan Umma suka riƙe masa a Funtuwa, zai je ya kafa shagon gyaran firji. Zai sa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya buga masa takardar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

"Mu huɗu ne," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu. "Ni, uwarsu, Nura, sai ƙaramar."

"Allah ya sa alheri," in ji Gwaggo. "Mu muna nan, ku dinga aiko mana da daddawa."

Ba wanda ya dubi inda nake, ni ma ban ga abin dubawa ba. Huɗu ne. Haka kowa a ɗakin ya ƙirga, har ni. Baba ya fara sayar da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya je ya yi wa kafilinsa godiyar shekara ashirin da suka yi tare, ya yi sallama da mutanen masallaci. Umma ta fara ɗaure kwanuka cikin tsofaffin zannuwa.

Wata Talata ana tsakiyar darasi aka aiko a kira ni ofis. Abla, wato malama mai kula da rajista, wata doguwa mai tabarau a kan hanci, ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna wani layi da ya koma ja.

"Iƙamarki saura kwana arba'in, ya binti. Ki gaya wa waliyyinki ya sabunta. In ta mutu ba zan iya shigar da sunanki jarrabawa ba, ba ni ba ce, na'urar ce ba ta karɓa."

Na ce to. Na fito na tsaya a bayan ƙofar banɗaki na ciro katin iƙamar, wato izinin zama a ƙasar, daga jakata. Shekara da shekaru ina yawo da shi, hotona ne kawai nake dubawa in ji haushin yadda mayafin ya karkace. Ranar na karanta shi daga sama har ƙasa. A layin ƙarshe, inda aka rubuta shugaban iyali, sunan Baba ne cikakke. Babu Hajara ko'ina. Na san abin da kowace yarinya a ajinmu ta sani, cewa iƙamar 'ya'ya a jikin ta uba take rataye, in ya fita fita ta ƙarshe ta kowa ta mutu tare da tasa. Kawai ban taɓa sa kaina cikin lissafin ba. Shi ma bai taɓa ba. Duk shekarun nan ofishin kafilinsa ne yake sabunta ta gida gaba ɗaya, shi dai ya miƙa abin da aka ce ya miƙa. A zuciyarsa ya ba da ni tun ina shekara biyu, ba ya ƙirga abin da ya bayar.

Ku gane abin da nake tsoro. Saura mini shekara biyu in gama sakandare. Duk karatuna da Larabci na yi shi, lissafi, kimiyya, komai. Turancina bai wuce na gaisuwa ba. In na tafi Funtuwa a lokacin, ba takardar kammalawa, sai dai in koma aji ɗaya da yara ƙanana in fara daga farko, in ma an karɓe ni. Kuma in bar Gwaggo ita kaɗai da matakala hamsin da biyu da gwiwa mai ciwo.

Kwana uku maganar tana bakina ban iya fitar da ita ba. Rana ta huɗu da la'asar Gwaggo tana tsince shinkafa a faranti na zauna gefenta na ajiye katin a kan cinyarta na karanta mata layin.

"Ƙarya yake yi," in ji ta. "Wa ya yaye ki? Katin nan yana ina lokacin da kika yi ƙyanda, na kwana bakwai ina shafa miki magani? Shi ya yi miki kitso?"

"Gwaggo, ba ya jin wannan."

"To a mayar da ke kan tawa. Ni ma ai ina da iƙama, ba a sama na faɗo ba."

Washegari ta tambayi ɗan tsohuwar Balarabiyar da take yi wa girki, wanda shi ne kafilinta. Mutumin kirki ne, ya bincika, ya dawo ya ce mata mai aikin gida ba ta ɗaukar kowa a ƙarƙashinta, balle 'yar ƙani. Ta dawo ta hau benen a hankali fiye da kullum. Na ce to sai ta yi wa Baba magana, shi kaɗai ne zai iya, in ya ɗaga tafiyarsa.



"Ummi," ta ce, haka take kirana, "mutumin nan ya ɗauki 'yarsa ta fari ya ba ni ban roƙa ba. Yanzu in koma in ce masa ya bar matarsa da 'ya'yansa biyu su tafi su kaɗai, ya zauna ya tsare mini ke? Da wane bakin? Amana ce, in mai ita zai tafi da ita sai in ce na gode."

Daga nan ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado ta fara ninke kayana, tana yi tana faɗa da rigunan wai duk sun yi mini kaɗan. Na ga ta sa abayata ta makaranta a ciki. Na bari ta juya baya na zare ta na rataye a ƙusa.

Na gane cewa in na bar wa manya, kunya za ta kai ni filin jirgi ba wanda ya buɗe baki. Gwaggo ba za ta roƙa ba. Umma ba za ta sa baki a maganar 'yar fari ba. Baba kuwa bai ma sani ba, sai ranar da za a buga fitar a ce masa ku biyar ne, lokacin kuma an gama sayar da komai.

Ran Lahadi da aka tashi makaranta ban hau motar da ke mayar da mu gida ba. Na tare tasi na ce Madain Fahd, layin masu gyaran mukayyif. Ban taɓa zuwa warshar Baba, wato shagon aikinsa, ba, sai da na tambaya sau biyu, muryata ba ta fita, mai shagon farko ya ce in maimaita. Rana tana tsakiyar ka. Na same shi a tsugunne yana kwance bayan wani tsohon inji, rabin katangar kayan aikinsa babu komai sai ƙusoshi da zanen inda spana take rataye da. Tare da shi akwai Baba Ɗanjuma, abokinsa tun suna yara a Karantina, mai tumbi da dariya, wanda suke raba shagon. Shi ya fara ganina.

"Ikon Allah! Sani, ka yi baƙuwa. Hajiya babba da kanta."

Baba ya ɗago, ya ga ni ce, ya mayar da kai cikin injin kamar ya ga wuta.

"Tambaye ta lafiya. Yaya ce ba lafiya?"

"Ga ta nan tsaye, kai ka tambaye ta mana. An gaya maka ni tafinta ne? Ko albashi kake ba ni?"

"Ɗanjuma."

"To, to. 'Yata, wai lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na ciro katin na ajiye a kan teburin ƙarfe, tsakanin kwalbar gas da kofin shayi, na sa yatsa a layin ƙarshe. Baba Ɗanjuma ya ɗauka ya nisanta shi da idonsa ya karanta, dariyar ta bar fuskarsa. Ya miƙa wa Baba. Baba ya goge hannu a wando ya karɓa ta gefe-gefe don kada ya ɓata shi. Ya karanta ya sake karantawa.

"Ai na ba Yaya ita," ya ce a hankali.

"Ka ba Yaya, amma ka gaya wa kwamfuta? Ita kwamfuta ba ta da yaya, ba ta da gwaggo. In ka fita, yarinyar nan ta fita. Halas, magana ta ƙare."

Na shirya magana tun a mota, da Hausa mai kyau, da ladabi, amma duk ta gudu. Abin da ya fito rabi Larabci ne. Kuma ban yi wa Baba Ɗanjuma ba. Na juya na fuskanci mahaifina, karo na farko a rayuwata, na ga ashe yana da furfura a gira.

"Baba, baƙi sanatain. Shekara biyu kawai suka rage. Ina so in gama. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Bai kalle ni ba. Ya dubi katangar da ya kwashe, ya dubi katin, ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya maɓalle.

"Ɗanjuma, tsayar mata da mota. Ka ce ta tafi gida, rana ta yi yawa."

Ban san me hakan yake nufi ba. Kwana biyar ban ji komai ba. Gwaggo da ta ji inda na je ta riƙe haɓa ta ce, "Ke? Ke da ko mai burodi ba kya iya ce wa ya ƙara miki?" Ta yi mini faɗa sosai, wai na zubar mata da mutunci za a ce ita ta aike ni, amma da daddare ta zuba mini naman da ya fi girma.

Ran Juma'a ba mu je ba, su suka zo. Baba ya hau matakalar nan hamsin da biyu, Umma a bayansa da Hanan a goye, kai kuma Nura aka bar ka a ƙasa kana ƙwallo. Ina bayan labule ina haɗa shayi. Bayan gaisuwa Gwaggo ta riga shi.

"Sani, kayanta a ɗaure suke. Ban aike ta wurinka ba, Allah ne shaida. Ka tafi da abinka, na yafe."

"Yaya, a kwance kayan," in ji shi. "A gidanmu wa kika taɓa gani ya ba da ɗa ya dawo ya karɓe? Ba zan zama na farko ba don wata na'ura ta ce. Su za su yi gaba, an riga an gama shirinsu, makarantar Nura ma an yi magana. Ni zan zauna har ta gama."

"Shekara biyu fa."

"Na iya ƙirga."

Umma ta kwance goyon ta mayar da Hanan gaba tana gyara mata hular da ba ta karkace ba. Da za su tafi na raka su, Baba ya yi gaba, ita ta tsaya a kwanar bene inda ba haske sosai. Ba ta saba yi mini magana ta kai tsaye ba ita ma. Idanunta sun yi ja.

"Zan je garin da na bari tun ina yarinya, da yara biyu, ba miji," ta ce. "Ban ce kin yi laifi ba. Amma in kika faɗi jarrabawar nan, kada ki bari in ji."

Ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, sannan ta sauka.

Abin da ya biyo baya ku ba ku gani ba. Baba ya koma wurin kafilin da ya riga ya yi wa sallama ya ce ya fasa, a tsayar da fitar, a sabunta. Mutum mai shekara hamsin, ya tsaya a ofis yana bayanin abin da shi kansa yake jin nauyin faɗa. Kayan aikin da ya sayar ba su dawo ba, da na Baba Ɗanjuma ya yi aiki kusan shekara, kullum ana tsokanarsa da sabon yaron shago. Ya bar hayar ya koma ɗaki ɗaya da mutum huɗu a bayan warsha, katifarsa ce ta kusa da ƙofa. Sai kuma aka tarar fasfona ma ya kusa ƙarewa, ba a sabunta iƙama a kan fasfo mai mutuwa, kuma yarinya ba ta yin sabo sai da ubanta a tsaye. Sau uku muka je layi tun da sassafe. Yana gaba ina baya da taku uku, in an kira mu ya miƙa takardu ta taga ya nuna ni da haɓa. Rana ta biyu muka kai azahar ba a zo kanmu ba, ya fita ya dawo da ruwan sanyi da sanwici ya ajiye a kujerar da ke tsakaninmu, ya ci gaba da kallon allon lambobi. Kwanakin suna ta raguwa. Kowace safiya Abla tana ganina a baranda sai ta ɗaga yatsu ta nuna mini nawa suka rage.

Ana saura kwana tara kuka tashi. A filin jirgi, Nura, ka riƙe rigarsa ka ce yaushe zai zo, ya ce maka ba da daɗewa ba. Ya tsaya a jikin gilashi har kuka ɓace, bayan kun ɓace ma bai motsa ba sai da Gwaggo ta taɓa kafaɗarsa. Tafiyar Hanan ta farko a waya ya gani. Saukar karatunka ma a waya, a tsaye a bakin shago, Baba Ɗanjuma ya ce ranar bai taɓa ko sukurudireba ba. Azumi biyu ya sha ruwa da abincin da Gwaggo take aika masa a kula. Wannan shi ne zaman daɗin da ya yi a Jidda.

Saura kwana huɗu, da hantsi, Baba Ɗanjuma ya hau benenmu yana haki yana zagin wanda ya gina shi, ya miƙo ambulan. A ciki akwai katina da takarda ɗaya da aka buga, mai sabuwar rana. A gefen takardar akwai tambarin yatsa na baƙin mai. Na kai makaranta washegari tun kafin a buɗe ofis, na tsaya a ƙofa har Abla ta zo da kofinta. Ta karɓa, ta danna maɓalli biyu ko uku, jan layin ya koma baƙi.

"Halas," in ji ta. "Yalla, aji."

Ko minti ɗaya ba a yi ba. Na tsaya ina kallon kwamfutar.

"Akwai wani abu kuma?"

Na ce babu. Na tafi aji. Wurina a layin ƙarshe yake tun ina firamare, kusa da taga, inda malama ba ta cika kaiwa da tambaya ba. Ranar na ɗauki jakata na wuce da ita layin farko na zauna daidai gaban allo, 'yan ajin suna kallona suna taɓa juna. A nan na zauna shekara biyu. Ban faɗi ba, kuma da takardar na samu aikin fassara a asibitin da ya ɗauke ni a kan tasa kafalar, sannan Baba ya iya tahowa.

Saboda haka, Nura, in kana neman wanda ya riƙe maka uba, ni ce. Ni na je har shagonsa na roƙa, na san abin da zai ci muku, kuma ko yau aka mayar da ni bakin ƙofar nan zan shiga. Ka yi fushi da ni iya son ranka, lambata tana wayar Umma, zan ɗauka. Shi kuwa yana nan ɗaki ɗaya da kai yanzu. In ya dawo daga shago yau, ka tashi ka karɓi jakarsa.